Mai tallar gujiya: tarihin wani faifan garmaho

A ranin da ya wuce ina koyar da manya karatu a wani ƙauye tsakanin Tibiri da Kore Mairuwa. Wata rana da dare wani dattijo cikin ɗalibaina ya zo da ƙunshi a hammata. Da munka ƙare darasi ya kwance tsumma, ya fiddo wani baƙin faifai mai nauyi, da ƴar tsaga a gefe guda. Ya ce mini: «Mushe, wannan na mahaifina ne. Daga Kumasi ya taho da shi tun ina goye. Shekara 70 ina kallon rubutun da ke tsakiyarshi. Yau ina so in karanta shi da bakina.»

Na ce: «To Baba, bisimilla.» Munka matso da fitila. A saman takardar akwai hoton kare zaune, ya kafa kunne bakin wani abu mai kama da kakaki. Baba ya ɗora yatsa, ya ce ga G, ga V. Sannan ya gangara ƙasa shina haɗa baƙaƙe sannu sannu: ma, ni, se, ro. Ya ɗago kai ya ce: «Wannan kuma wane yare ne?» Na ce Sifaniyanci ne, kuma ma'anarshi mai tallar gujiya. Sai aji ya fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce: «Ashe gujiya ce anka kulle cikin adaka duk shekarun nan!»

Ga tarihin wanga faifai, da na ƴan uwanshi da sunka shigo ƙasarmu.

Waƙar daga Kyuba ta fito. Kyuba tsibiri ne, wato ƙasa wadda ruwa ya kewaye ko ta ina. Tana can hayin babban teku, kusa da Amurka. Turawan Sifen sun mallake ta kusan shekara 400, shi ya sa mutanenta ke magana da harshensu. Harshe ne da ake rubutawa kusan yadda ake faɗi, kamar Hausa, don haka Baba bai sha wuyar karanta sunan ba. A Habana, babban birnin Kyuba, masu talla suna yawo da gasasshiyar gujiya cikin ƴan ƙunshin takarda, suna kiran masu saye da rera murya, kamar yadda ƴan matanmu ke yi ranar Juma'a a kasuwar Dogon Dutsi. Wani makaɗi mai suna Moisés Simons ya ɗauki wannan kira ya mayar da shi waƙa. A 1930 ƙungiyar Don Azpiazu ta sa ta cikin faifai a birnin Niyu Yok, da muryar Antonio Machín. Faifan ya yi kasuwa ƙwarai, har ya zama shi ne ya buɗe ma kiɗan Kyuba ƙofar duniya.

Baba ya ce lokacin da anka fara sa faifan a gidansu, tsofaffi sun ce kiɗan Nasara ne. Amma sunka lura ƙafarsu na motsi da kanta. Akwai dalili, kuma dalilin mai ɗaci ne.

Arzikin Kyuba rake ne, kuma noman rake na son hannuwa da yawa. Masu gonaki sunka riƙa sayen bayi daga Afirka. Wajen mutum dubu 800 anka sauke a tsibirin cikin mari. Akwai Yarbawa, akwai mutanen Dahome, akwai na Kalaba, akwai na Kwango. Hausawa ma an ƙetarar da su teku, musamman bayan yaƙe-yaƙen jihadi da anka fara a 1804, amma su galibi Barazil anka kai su, a garin Bahiya, inda sunka yi ta yi ma iyayen gijinsu tawaye tun daga 1807. A Kyuba ba a soke bauta ba sai a 1886. Ku lissafa da kanku: shekara 13 kaɗai ke nan kafin Sarauniya ta Lugu ta tari sojojin Faransa a 1899. Ke nan ranar da anka ɗauki waƙar mai tallar gujiya, akwai sauran tsofaffi a Kyuba waɗanda anka haifa cikin bauta.

Bawa ba shi ɗaukar kaya in za a sa shi jirgi. Abin da ke cikin kanshi da hannunshi kaɗai ke ƙetarewa da shi. Da sunka isa, sunka sassaƙa ganguna da itacen can. Sunka sami duma, sunka zuba mata tsakuwa ko iri, ta zama abin kaɗawa irin cakinmu. Wata dumar sunka tsattsaga bayanta, ana karta ta da tsinke. Sai kuma ƴan sanduna biyu da ake bugawa ɗaya bisa ɗaya: bugu 3, a ɗan dakata, bugu 2. Waɗannan bugu 5 su ne ginshiƙin kiɗan Kyuba, duk sauran makaɗa a kansu suke takawa. Waƙar ma da mai bayarwa da ƴan amshi take tahiya, kamar waƙar gayya ko ta daka. Abin da Turawan Sifen sunka kawo shi ne jita, da harshe, da salon jera baituka. Haɗuwar biyun ce ta haifi abin da ke cikin faifan Baba.

Akwai wani abu kuma da mu mutanen Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Har yau a Kyuba akwai masu al'adar da kakanninsu sunka taho da ita daga ƙasar Yarbawa. Ana kaɗa ganguna, kowane iska da nashi kiɗa, in kiɗanshi ya yi sai ya hau wani cikin taro. Wanda anka hau, da harshensu doki suke ce mishi. Ba bori ba ne, don daga wata ƙasa ya fito da wasu sunaye. Amma wanda ya taɓa jin goge da ƙwarya suna kiran iskoki a Arewa, in ya ga nasu zai gane abin da ake yi. Da yawa cikin manyan makaɗan gangar Kyuba a irin wannan wuri sunka koyi hannu.

Ita kuwa gujiya, wadda mutanen gabas ke ce ma gyaɗa, tahiyarta ta saɓa da ta bayi. Asalinta Amurka ta Kudu ne. Jiragen Turawan Fotugal sunka kawo irinta Afirka, yau fiye da shekara 400. Jirage iri ɗaya ne, suna tahiya da mutane, suna komowa da iri.

A ƙasar Amurka ma jikokin bayi sun ƙirƙiro nasu kiɗa, a birnin Niyu Oliyans, wajen farkon ƙarni na 20. Shi ake ce ma jaz. Su kayan busa na soja sunka samu, kakakin Turawa gajere da dogo da wata irin algaita ta ƙarfe da ake kira sakso. Daga wajen 1930 ƙungiyoyin jaz sunka ƙasaita, ƙungiya guda ta kai mutum 15 ko fi, zaune sahu sahu, kowa da takardar kiɗa gabanshi. Ku lura da wannan: kiɗa ma rubuta shi ake yi, kuma mai busa sai ya iya karatunshi kafin a ɗauke shi aiki. Manyan shugabannin irin waɗannan ƙungiyoyi su ne Duke Ellington da Count Basie. Shahararren mai busa Louis Armstrong shi ma ya sa waƙar mai tallar gujiya cikin faifai tun a ƙarshen 1930.

A Niyu Yok ne dangin biyu sunka gamu. Wani mawaƙin Kyuba da ake kira Machito ya kafa ƙungiya a 1940, ya sa mata suna Afro-Cubans, wato Kyubawa ƴan asalin Afirka. A wancan zamani baƙar fata da yawa na kunyar a danganta su da Afirka, don haka sa wannan suna a allon gidan rawa ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce. Surukinshi Mario Bauzá, wanda ya yi aiki cikin manyan ƙungiyoyin jaz, ya ɗora sahun masu busa bisa gangunan Kyuba. A 1947 mai busa Dizzy Gillespie ya ɗauki wani makaɗin ganga daga Habana, Chano Pozo. Pozo bai iya Ingilishi ba, Gillespie bai iya Sifaniyanci ba, amma tare sunka yi kiɗan da ake kira Manteca. Shekara guda bayan haka anka harbe Pozo a wata mashaya, ya mutu da ƙuruciyarshi. Sai kuma Pérez Prado, wanda ya bar Kyuba ya koma Meziko. A 1949 ya yi Mambo No. 5, kiɗa mai zafi, masu busa na tsage kunne, shi kuma shina sakin wani gurnani a tsakani don ya zaburar da su. Masana da yawa na cewa kalmar mambo daga harshen Kwango ta fito. A 1953 Enrique Jorrín ya kawo wani salo mai sanyi da sauƙin takawa, shi ne ca-ca-ca.

To yaya wannan kiɗa ya iso mana? Ciniki ne ya kawo shi. Kamfanin Ingila mai hoton kare, His Master's Voice, shina da tarin waƙoƙin Kyuba ajiye, kasuwa kuma ta faɗi a Turai da Amurka. A 1933 ya fara sake buga su don a sayar a Afirka, da alamar GV da lamba. An buga wajen 250 cikin shekara ashirin da ƴan kai, kuma mai tallar gujiya na cikin na farko-farko. Kantunan bakin teku sunka cika da su, daga Dakar har Kwango.

Garmaho akwati ne da ba shi son lantarki ko batir. Hannu gare shi a gefe, a murɗa har igiyar ƙarfen da ke ciki ta ɗaure, in anka saki sai faifai ya yi ta juyawa, sau 78 cikin minti guda. A fuskar faifai akwai wata siririyar kunya wadda ta nannaɗe daga baki har tsakiya. Kunyar ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da ƴan lanƙwashe-lanƙwashe da ido ba shi gani, su ne sawun murya. Allurar ƙarfe na bin kunyar tana rawa, rawar na kaɗa wani ɗan faranti kamar yadda fatar ganga ke kaɗawa, sai murya ta fito. Gefe guda minti 3 ne ko ɗan fi. Allura na dakushewa da wuri, ana son a sake ta bayan kowane gefe, shi ya sa ake sayar da su cikin ƴan gwangwanaye. Baba ya ce in allura ta ƙare, mahaifinshi wasa tsohuwar yake yi bisa dutse. Haka na cinye faifai, amma Kumasi da nisa.

A Nijar babu bakin teku, don haka garmaho a ka ya shigo ko a bayan mota. Ƴan cin rani da fatake da ke tahiya Kumasi, Ankara, Ikko ko Abijan su ne sunka fi kawo shi. Wanda ya ga fim ɗin Jean Rouch na 1958, inda Umaru Ganda ya fito a matsayin lebura a Abijan, ya ga yadda samarinmu ke kashe kuɗin mako a gidan rawa daren Asabar. Tsofaffin soja da sunka komo daga yaƙin duniya na 2, da kuma daga Indoshin, su ma sun taho da nasu. Wani ya shigo ta Kano da Sakkwato. Sai malaman lakkwal da ma'aikatan biro, waɗanda da yawansu a lokacin mutanen Dahome da Togo da Senegal ne, da faifansu cikin kaya sunka zo.

Nan ne abin ke taɓa ni. A shekarun nan gujiya ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje. Talaka na noma ta don ya biya lanho, wanda bai samu ba ya tahi kurmi neman kuɗi. Mahaifin Baba lanho ne ya kore shi Kumasi. Ya yi rani uku shina dako. Da ya komo, bayan ya biya na gidansu, abin da ya rage shi ne garmaho da faifai shida. Ya zauna shina sauraren wani talaka ɗan uwanshi na tallar gujiya a wata duniya, da harshen da ba shi ji, har ya rasu bai san abin da waƙar ke cewa ba.

Ba kowa ya yi maraba da akwatin ba. Dattawan da na zanta da su sun ce abu biyu ne ya tayar da magana. Na farko rawar. A bal, namiji riƙe mace yake yi gaban jama'a, wannan kuwa ba tarbiyyarmu ba ce, malamai da iyaye sunka ƙi shi. Bal ya zama abin ƴan boko da ƴan bariki, yaran gari na leƙe ta saman danga. Na biyu shi ne zancen makaɗa. A wurinmu kiɗa gado ne, kuma da mai shi: akwai na sarki, na manoma, na mahauta, na ƴan kokowa. Makaɗi na kiran sunanka da na kakanka, kai kuma ka yi kyauta. Garmaho kuwa maroƙi ne da ba shi roƙo, ba shi san kakan kowa ba. Kakaki da ba a busa ma kowa sai sarki, ga irinshi ana busawa cikin akwati don ɗan dako ya taka. A ganina wannan ne ya sa samari sunka so shi, kuma shi ne ya sa manya sunka tsargu.

Ba a daɗe ba ƴan Afirka sunka ce su ma za su iya. A Kwango, inda kamfanonin ɗaukar faifai kamar Ngoma ke aiki tun 1948, Joseph Kabasele ya kafa African Jazz a 1953, Franco kuma ya fito da OK Jazz a 1956. Da farko kwaikwayon Sifaniyanci suke yi ba su san ma'ana ba, daga baya sunka koma harshensu. A 1960 Kabasele ya yi Indépendance Cha Cha, wadda ta zama waƙar murnar ƴancin kai a ƙasashe da yawa. A Gine anka kafa Bembeya Jazz a garin Beyla a 1961. Ku ga yadda kowa ke liƙa jaz a sunanshi, alhali kiɗan da suke yi ya fi kusa da na Kyuba. Mali kuwa ta aika samari 10 Habana a 1964 don su koyo kiɗa, cikinsu har da Boncana Maïga na Gao, sunka kafa Maravillas de Mali. Masu kiɗan can ma sun zo ganin gida. Armstrong ya sauka Ankara a 1956, ya komo Afirka a 1960, har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Orquesta Aragón ta Kyuba ta fara zagayen Afirka a 1971. Ita da sarewa da goge irin na Turawa take kiɗa, don haka kunnen Ba'are ba shi baƙunta da ita.

Mu a Nijar mun makara kaɗan. Ba mu da kamfanin faifai, kuma ɗan mutunci da ya ɗauki jita sai a ce ya zama maroƙi. Rediyon Nijar, da anka buɗe a 1958, shi ne ya kai wannan kiɗa inda garmaho bai kai ba, musamman da ƙananan rediyo masu batir sunka yawaita. Orkes sunka tashi a Yamai da manyan garuruwa, suna fara dare da kiɗan Kyuba da na Kwango kafin su juya ga Hausa da Zabarmanci. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, jihohi sun riƙa gasa a bukin matasa na ƙasa, da ƴan rawa da ƴan wasan kwaikwayo da ƴan orkes. Cibiyar koyon kiɗa ta Yamai, CFPM, tana ɗauke da sunan Elhaji Taya, ɗaya daga cikin magabatan ƴan orkes na ƙasarmu.

Shi garmaho tun kafin nan ya tsufa. An fito da faifan roba mai juyi 33 a 1948, da mai juyi 45 a 1949, sannan kaset a 1963. Kaset ba shi fashewa, ba shi son allura, kuma kowa na iya ɗaukar makaɗin garinsu a ciki. Gujiyar ma ta bi sawu. Fari na 1973 da ciwon da ya faɗa mata a 1975 sun karya nomanta, ƙarfen uraniyom ya gaje matsayinta a kasuwar waje. Yau samari a fada suna shan shayi, waƙa dubu na cikin ɗan katin waya wanda bai kai farce ba.

Faifan da sunka rage suna ƙarewa. Cikin shidan mahaifin Baba, guda ɗaya ya tsira. Biyu rana ta lanƙwasa su, ɗaya ya faɗi ya fashe, biyu jikoki sunka yi mota da su. Wanda ke da irinsu a gida ya sani da wani ƙaro ake yin su, wanda wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya. Ba su son rana, ba su son a ɗora musu nauyi. A tsaye ake jera su, kowane cikin takarda ko tsumma. In za a goge ƙura, tsumma mai laushi da ɗan ruwa ya isa. Kada a sa musu turare ko alkol, narkar da su yake yi. Kuma tun da yanzu kun iya, ku kwafe abin da ke rubuce a tsakiya cikin littafinku, ku ƙara da sunan wanda ya kawo shi, da garin da ya sayo shi, da shekarar in an tuna. Wannan ba shi cikin littafin kowa, sai ku kunka rubuta shi.

Garmahon gidan su Baba ya mutu tun zamanin Diori, igiyar cikinshi ta tsinke. Da na shiga Dogon Dutsi ƙarshen wata, na sa anka nemo mini waƙar ta 1930 a intanet, na zuba ta cikin waya. Daren da na koma, bayan darasi, na ajiye wayar bisa tabarma na kunna. Da ƴan sandunan nan sunka fara bugawa, Baba ya runtse ido. Can sai ya ce: «Ita ce. Amma tamu ta fi wannan sauri.» Ina jin mahaifinshi ƙara ma akwatin gudu yake yi don rawa ta yi zafi. Munka saurare ta sau 3. Tsohuwar nan ta ce mai tallar ya cika naci, da a kasuwarmu ne da tuni ya sayar ya tahi gida.

Baba ya buɗe littafinshi, ya tambaye ni yadda ake rubuta Kumasi, da K mai ƙugiya ko marar ƙugiya. Na ce marar ƙugiya. Ya rubuta sunan mahaifinshi, ya rubuta Kumasi, sannan ya naɗe faifan cikin tsummanshi.